Idon Nayibe na Hagu

"Ɗago kanka ka kalle ni, Dairo."

Bai ɗago ba. Yana tsaye a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro, hannunsa na dama naɗe da filasta har gwiwar hannu, na hagun riƙe da ledar lemon da ya kawo mata.

"Na ce ka kalle ni!"

Nayibe ta sa yatsa ta zame baƙin ƙyallen da ke rufe da idonta na hagu. Nan take duniya ta rabu mata biyu. Mangwaron ya zama biyu, randar ruwa biyu, shi kansa Dairo biyu, ɗaya na neman shigewa cikin ɗaya. Jiri ya ɗebe ta, ta dafa kujera.

Ta san abin da zai gani, don ta sha tsayawa gaban madubi. Idon dama na kallon mutum sak. Na hagun kuwa ya gudu can lungu wajen hanci ya maƙale, kamar mai jin kunyar mutane.

Dairo ya ɗago. Ya kalle ta na ɗan lokaci, sai ya mayar da kansa ƙasa.

Wani abu ya tsinke a ƙirjinta.

"Shi ke nan," ta ce a hankali. "Na ga abin da nake son gani."

"Baƙata, ba haka ba ne..."

"Kar ka ƙara ce min baƙarka. Mama ta kusa dawowa daga coci, in ta same ka a nan ka san sauran."

"Nayibe, don Allah ki bari in..."

"Ka tafi, Dairo."

Ya ajiye ledar a bakin randa, ya tsaya kamar zai ƙara magana, sannan ya fice ta ƙofar baya. Ita kuma ta mayar da ƙyallenta, ta zauna a kujerar lilo, hawaye na fita ta ido mai lafiya da marar lafiya duka.

Duk garinsu na Mompox an san Nayibe da ido. Idanunta manya ne, farare tas, kuma da su take cin abinci. Tun tana 'yar yarinya take zama a maƙerar Kawu Alcides, ƙanin mahaifiyarta, tana murɗa zaren azurfa wanda ya fi gashin kai siranta, tana mayar da shi 'yan kunne da zobba masu kama da fure. Dairo ɗan acaɓa ne. Shi ke ɗaukar ta da safe ya kai ta aiki, a haka hira ta yi tsawo, hanya ta riƙa yi musu gajarta, har ya fara zagayawa da ita ta bakin kogi don kar su isa da wuri.

Mahaifiyarta Eneida, wadda ake kira Doña Eneida don girmamawa, dama can ba ta so.

"Ɗan acaɓa? Yau yana lafiya, gobe yana asibiti. Da me zai riƙe ki?"

Amma ta ƙyale su, tana dai hararar babur ɗin duk sanda ya tsaya a ƙofarta.

Ranar da abin ya faru Lahadi ce. Za a yi wa jaririn yayar Dairo baftisma a wani ƙauye bayan gari. Doña Eneida ta ɓata safiya guda tana gyara wa 'yarta gashi, ta naɗe shi, ta soka masa fararen furanni. Da Dairo ya zo, ya cire hular kwanonsa, ita kaɗai gare shi, ya miƙa wa Nayibe. Sai ga muryar Doña Eneida daga bakin ƙofa.

"Kai! Kar ka kifa wa 'yata wannan kwanon a kan gashin da na sha wuya a kai!"

Nayibe ta yi dariya, ta rataye hular a hannu, suka tafi.

A hanyar dawowa da yamma, alade ya fito a guje daga cikin ciyawa. Abin da ta iya tunawa ke nan. Sai farkawa ta yi a wani asibiti a birnin Cartagena, ta ga mahaifiyarta biyu zaune a gefen gado, duka biyun suna kuka.

Likitar ido, wata mace mai sanyin murya, ita ta yi musu bayani.

"Ƙwayar idon lafiyarta ƙalau. Amma kowane ido akwai jijiyoyin da ke juya shi, kamar linzami. Ɗaya ce ke jan sa waje, wajen kunne. Siririya ce, kuma doguwa, buguwar da kanki ya yi ta taɓa ta. Tunda ta saki, sai ta ciki ta rinjaya, ta janye idon wajen hanci. Shi ya sa kowane ido ke kawo miki hotonsa daban."

"Za ta warke, likita?" in ji Doña Eneida.

"Sau da yawa tana farfaɗowa da kanta, a hankali. Sai mu ba ta watanni. In ba ta dawo duka ba, akwai aikin da za mu yi. Yanzu dai ta riƙa rufe ido ɗaya saboda jiri."

Tun da suka dawo gida, ba wanda ya ƙara tayar da zancen hular nan. Doña Eneida ta tattara laifin kacokan ta ɗora wa Dairo, ta ce in ta ƙara ganin ƙafarsa a gidanta sai ta watsa masa tafasasshen ruwa. Shi ya sa yau ya shigo ta baya, da ya ga ta tafi coci.

Bayan kwana biyu Yarledis ta zo dubiya. 'Yar Kawu Alcides ce, ita ke zama a shagon gaban maƙera tana sayar da kayan da suka ƙera. Tare suka tashi da Nayibe, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Ta shigo da tulun ruwan 'ya'yan itacen corozo mai sanyi, ja jawur, ta zuba mata a kofi.

"Sha, 'yar'uwa, ki ji sanyi. Kin ga yadda kika rame kuwa?"

"Abincin ne ba ya shiga."

Yarledis ta ja kujera kusa, ta rage murya.

"Akwai maganar da na ji, na rasa ko in faɗa miki ko in yi shiru."

"Tunda kin fara ai sai ki ƙarasa."

"Dairo ne. An ji shi a bakin kogi yana ce wa abokansa wai dole ya aure ki. Wai shi ya lalata ki, kuma wanda ya fasa kaya shi ke biya."

Nayibe ta ajiye kofin. Ta ajiye shi a gefen tebur ba ta sani ba, ya faɗi, jan ruwan ya malale a ƙasa.

"Haka ya ce?"

"Ni dai haka na ji. Yaron kirki ne fa, ban ce ba. Amma auren tausayi, Nayibe? Mutum ya yi ta kallonki har abada yana tuna laifinsa?"

Nayibe ta bi jan ruwan da kallo. Kan Dairo take tunowa, yadda ya sunkuyar da shi ƙarƙashin mangwaro.

Daga ranar ta daina ɗaga wayarsa. Ya kira, ya kira, har ya gaji ya bari.

Watanni suka fara tafiya. Nayibe ba ta fita sai coci, can ma da asuba, a kujerar baya. Wata rana ta cire ƙyallen tana shara a ƙofar gida, 'yan makaranta suka wuce, ɗaya ya ce, "Lah, harara-garke!" Sauran suka tuntsire da dariya. Ta shige ciki, ba ta ƙara sharar waje ba.

Kawu Alcides ne ya zo da kansa, da hularsa ta kaba da tsohon tabaransa ɗaure da zare.

"Tashi mu tafi. Kujerarki ta yi ƙura."

"Kawu, da wane idon?"

"Da wanda ya rage. Ni da kike gani rabin ido gare ni, kuma ban mutu da yunwa ba."

Ta bi shi. Maƙerar na nan yadda ta bar ta, warin wuta da lemon tsami da ake wanke azurfa da shi, rediyo na ta kiɗa a kan taga. Ta zauna, ta ɗauki hantsaki, ta kai shi kan zaren azurfa... ta kama iska. Ta sake kaiwa, ta soki tebur. Da ido ɗaya ba ta gane nisa da kusa. Da ta buɗe biyun kuma sai zaren ya zama biyu, ta rasa wanne ne na gaskiya.

Ta jefar da hantsakin.

"Ba zan iya ba!"

Kawu bai ko juyo ba, yana ta hura wutarsa.

"To kar ki iya yau. Ungo wannan, ki ja min zare. Shi ba ya son ido, hannu yake so."

Haka ta koma aikin yara masu koyo, tana jan azurfa ta cikin 'yan ramukan ƙarfe har ta sirance. Bayan wani lokaci ta gano in ta kafa ƙaramin yatsanta a kan tebur, ta bi zaren da babban yatsa, hantsakin na samun hanyarsa. Furen farko da ta naɗa ya fito a karkace. Kawu ya ɗaga shi sama ya duba.

"Wannan ai furen da akuya ta taka ne. Yi wani."

Ta yi dariya. Ita ce dariyarta ta farko tun daga asibiti.

Idon ma ya fara motsi. Wata safiya a gaban madubi ta ga ya ɗan baro lungun hanci, kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa. Mutum ɗaya ta so ta gaya wa. Ta ɗauki waya, ta ajiye.

Ran nan da rana, suna cin dafaffen rogo da cuku a bayan maƙera, Kawu ya ce, "Kin san yaron nan zai bar gari?"

Ta ɗago kai.

"Wane yaro?"

"Yaro nawa gare ki? Dairo. Tun da aka cire masa filasta ya sayar da babur, ya ce hannunsa rawa yake in ya kama kan babur. Dako yake yi a bakin kogi. Kullum da sassafe sai ya tsaya nan ta baya ya tambaye ni, Kawu ya idon, Kawu tana cin abinci? Ya roƙe ni kar in gaya miki. Yanzu kuma wai mahaƙar kwal zai tafi, can jihar Cesar."

"Ya tafi mana. Wa ya riƙe shi?"

"Ke kika kore shi ai. Ba ke kika aika masa cewa ganinsa na tayar miki da ciwo ba, in yana ƙaunarki ya yi nesa da garin?"

Nayibe ta ajiye kwanon.

"Ni? Wa na aika?"

Kawu ya ajiye rogonsa. A hankali ya juya ya dubi ƙofar da ta ɓulle shago, inda muryar Yarledis ke tashi tana yi wa wasu baƙi tallan 'yan kunne. Ya cire tabaransa ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

"Allah Sarki," ya ce. "'Yar cikina."

Nayibe ta miƙe. Ta kai hannu ta cire ƙyallen, ta cusa shi a aljihu.

"Ina za ki a haka, cikin ranar nan?"

"Bakin kogi."

Tafiyar ba ta yi mata sauƙi ba. Titi biyu, mutane bibbiyu, ga kallo. Ta juya fuskarta hagu yadda likita ta koya mata, hotunan suka ɗan matso kusa da juna, ta bi jikin bango tana dafawa. Matan da ke zaune a kujerun lilo a ƙofofinsu suka bi ta da ido. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ba ta sunkuyar da kai ba.

Ta hango shi yana sauke buhunan masara daga kwalekwale, ba riga, gumi na tsiyaya. Ya rame. Da ya gan ta, buhun ya zame daga kafaɗarsa.

"Nayibe? Ke kaɗai kika zo? Tsaya nan, kar ki sauko, matakalar da santsi!"

Ya hauro a guje. Suka tsaya a inuwar wata bishiya, kogin Magdalena na wucewa a gefensu, ya yi jajir da ruwan damina.

"Tambaya na zo yi maka," ta ce. "Ka ce za ka aure ni don kai ka lalata ni? Wai wanda ya fasa kaya shi ke biya?"

Fuskarsa ta canza.

"Wa ya ce na ce?"

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na ce ni na jawo miki, wannan na faɗa, kuma har gobe zan faɗa. Amma kaya? Ke ce kaya? Ni zan buɗe baki in kira ki kaya?"

"To me ya sa ka kasa kallona ran nan?"

Ya dubi kogi, ya dawo.

"Saboda duk sanda na ga idon nan, ƙarar nake ji. Ƙarar da kanki ya yi da ya bugi titi. Ke ba ki ji ba, ni na ji. Ni na ɗauke ki, furannin gashinki duk jini, ina kiran sunanki ba kya amsawa..." Ya goge gumin fuskarsa. "Ba ƙyamarki na yi ba, Baƙata. Kunyarki nake ji."

"Ni na ƙi sa hular."

"Ni kuma da na ƙi tayar da babur ɗin."

"To ai ka ji! Tausayi ne da nadama. Ni ba na son a zauna da ni don..."

"Ke dakata!"

Ta yi turus. Tunda take da shi bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Kin yanke min hukunci ba ki tambaye ni ba! Kin daina ɗaga wayata, kin bar ni ina zagaye bayan maƙera kamar karen da aka kora! Nadama ina yi, eh, zan mutu da ita. Amma nadamar ce ta sa nake zagayawa da ke ta nan wurin tun kafin a yi hatsarin, ina ƙona mai a banza? Nadamar ce ta sa na haƙura da hararar Mamanki? Ina son ki kafin, ina son ki yanzu, kuma haushinki nake ji sosai!"

Masu dako sun tsaya suna kallo. Wani tsoho daga cikin kwalekwale ya ɗaga murya.

"Faɗa mata, yaro! Mu ma mun gaji da ganin ka kamar an jiƙa kaza!"

Nayibe ta ji dariya na taso mata tare da kuka. Mai zama da mutum don tausayi lallaɓa shi yake yi, ba ya yi masa faɗa a gaban jama'a.

"Ni ma ban aika kowa wurinka ba," ta ce. "Yarledis ce ta kai maka, ita ta kawo min."

Ya riƙe kai da hannu biyu.

"Ita da ke kawo min abinci nan, tana cewa tausayina take ji..."

"Bar zancenta. Dairo, idon ya motsa fa. Kaɗan."

"Da gaske? Mu gani."

Ya matso. Ya sa tafukansa masu kaushi ya tallabi fuskarta, ya duba idon daman, ya duba na hagun, ya daɗe yana dubawa. Hawaye na zubo masa amma bai kau da kai ba.

"Ya motsa," ya ce. "Rayuwata, wallahi ya motsa."

Shi ya raka ta gida, ta ƙofar gaba. Doña Eneida na tsakar gida tana ɓare kifi. Da ta gan shi ta miƙe da wuƙa a hannu.

"Me na ce maka? Me na ce maka, kai mai kashe 'ya'yan mutane?"

"Barka da yamma, Doña Eneida," ya ce.

"Fita!"

Nayibe ta shiga tsakaninsu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mama, ya miƙo min hular ranar. Kin sani, kina tsaye."

Doña Eneida ta tsaya cak da wuƙar a hannu.

"Ban ce laifinki ba ne. Ni ma da hankalina na rataye ta a hannu, ina dariya. Shi ma ya tayar da babur. Aladen ma da nasa rabon. Amma mu uku ne a ƙofar nan, Mama, kuma shi kaɗai muka bari da kayan. Sun yi masa nauyi."

Wuƙar ta faɗi cikin roba. Doña Eneida ta koma ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da gefen zaninta, kafaɗunta na jijjiga.

"Kullum sai na ji muryata," ta ce cikin kuka. "Ina wanke-wanke ina jin ta, ina addu'a ina jin ta. Saboda gashi! Gashin da aka zo aka aske a asibiti!"

Nayibe ta durƙusa ta rungume ta. Dairo na tsaye, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Can ya tsuguna, ya jawo robar kifin, ya ci gaba da ɓarewa daga inda ta tsaya.

Sun daɗe a haka. Da Doña Eneida ta share fuska, ta dube shi, ta dubi kifin.

"Haka ake ɓare kifi a gidanku? Duk ka cire masa fata."

Ba ta ce ya zauna ba. Amma da aka sauke miya, kwano uku ta jera.

Washegari Nayibe ta sami Yarledis a shago tana goge gilashi. Idanunta sun kumbura, da alama Kawu ya riga ya gama da ita.

"Ni na fara ganinsa," Yarledis ta ce ba tare da ta juyo ba. "Ni na ce miki ga wani ɗan acaɓa mai kirki, ki riƙa hawa nasa. Ko sau ɗaya bai taɓa dubana ba."

"Da kin gaya min tun lokacin."

"Da me zai canza?"

"Ba komai. Amma da ban sha ruwan corozonki ina ce miki na gode ba."

Yarledis ta fashe da kuka. Nayibe ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma ƙara mata ko kalma ba. Ta wuce ciki ta zauna a kujerarta. Kafin ƙarshen wata Yarledis ta tafi birnin Barranquilla wurin goggonsu, ta sami aiki a wani kanti. Sai da aka daɗe kafin su fara gaisawa a waya, sama-sama.

Dairo bai tafi Cesar ba. Wani mai kwalekwale ya ɗauke shi yana koya masa tuƙi. Idon Nayibe ya ci gaba da dawowa a hankali, ya zo rabin hanya, sai ya tsaya. Suka jira, suka ƙara jira, bai ƙara gaba ba. Likita ta ce lokacin aiki ya yi.

Su uku suka hau mota zuwa Cartagena. Nayibe a tsakiya, Mama ta taga tana jan carbinta, Dairo riƙe da kular abinci. Duk ramin da motar ta faɗa sai su biyun su kai hannu su tare mata kai a lokaci ɗaya.

Ranar da aka cire bandeji, idon ya yi ja, yana ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. Likita ta ɗaga alƙalami a gabanta.

"Nawa kike gani?"

Nayibe ta ƙifta, ta sake ƙiftawa.

"Ɗaya... Likita, ɗaya ne!"

"To bi shi da ido." Ta kai shi dama, ɗaya. Ta kai shi ƙasa, ɗaya. Da ta kai shi can hagu sai ya rabu biyu.

"Wannan zai iya zama haka," likitar ta ce. "In za ki dubi hagu, ki juya da kanki gaba ɗaya. Amma gabanki da aikin hannunki, kin same su."

"Ya ishe ni," in ji Nayibe. "Wallahi ya ishe ni."

An ɗaura auren a watan Mayu, farkon damina, a cocin unguwarsu. Amarya ta fito ba ƙyalle, ba lulluɓi a fuska. In ka ƙura mata ido za ka ga na hagun bai cika daidaita da ɗan'uwansa ba. Dairo kuwa tun da ta shigo yake kallonta, har fada, limamin cocin, ya yi gyaran murya.

"Ango, littafin na nan gabanka, amaryar ba guduwa za ta yi ba."

Coci ya ɗauki dariya.

Da ƙafa aka taho gida, masu kiɗa a gaba, Kawu Alcides na rawa da hularsa a hannu, maƙwabta na watsa shinkafa. Ba su kai rabin hanya ba sama ta yi baƙi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Jama'a suka watse neman mafaka. Ƙawayen amarya suka ja ta ƙarƙashin wata rumfa suna ihu, suna tattare mata riga.

Nayibe ta juya kanta tana neman mijinta. Yana can tsakiyar titi, ya tsaya taimaka wa mai ganga ya rufe gangarsa, farar rigarsa ta fara jiƙewa.

Sai ga Doña Eneida ta fito daga rumfar da lemarta, tana taka ruwa da takalman bikinta. Ta wuce 'yarta ko waiwaye ba ta yi ba. Ta je ta yi ɗage, don ya fi ta tsawo nesa, ta ɗora masa lemar a kai, ita ruwa na dukan bayanta.

"Doña Eneida, ke za ki jiƙe ai..."

"Wace ce Doña? Rufe min baki ka matso ciki, ɗana, kar mura ta kama min kai."